Kwale-kwalen da Na Tsara a Misfala

Mutumin da ya kawo ni Makka ya ajiye ni a Kudai, kusa da inda motocin alhazai ke juyawa, ya ce in jira shi zai je ya karɓo mini igama, wato takardar zama. Ya tafi da fasfona a aljihun jallabiyarsa. Har yau bai dawo ba, ni kuma na daina yi masa mugun baki don na gaji. Sunana Haruna, kafinta, ɗan Yawuri, jikan masu sassaƙa jirgi a bakin Kwara. Na baro matata Rakiya da ciki a ɗakin da ambaliya ta sha cin bangonsa, na yi mata alkawari da bakina cewa kafin abin da ke cikinta ya fara tafiya zan dawo, in yi mana wurin zaman da ruwa ba zai sake korar mu daga cikinsa ba. Da wannan alkawari na zauna a dakalin wani shago, ina bin kowace farar jallabiya da kallo.

A Kudai na koyi dako. Na ɗauki jakunkunan mutanen da ban san yarensu ba, na tura tsofaffi a keke, na koyi ɓacewa cikin lungu da zarar na hango motar askarawa. Akwai wani Ba'afgane mai gasa burodin tamis, ban taɓa sanin sunansa ba, shi ma bai san nawa ba. Idan na wuce da safe sai ya miƙo mini mai zafi ɗaya ya kau da kai, kamar ba shi ya bayar ba. A kan dakalin nan waya ta same ni cewa Rakiya ta sauka lafiya, an samu mace. Aka sa mata sunan mahaifiyata, shi ya sa muke kiranta Ummi. Na raba wa 'yan uwana 'yan dako dabino, na koma bayan wata mota na yi kuka.

Yunwa ba ta dame ni kamar rashin kogi ba. Garin nan mai albarka Allah Ya ba shi kusan komai, amma duk inda ka juya dutse ne da kwalta. Ni kuwa tun ina goye kunnena ya saba da motsin ruwa. Sai na tsiri wata ɗabi'a da nake jin kunyar a gani: idan motar ruwa, wadda suke kira wayit, ta zo cika tankin wani gida, nakan tsaya jikin bango in rufe ido ina sauraro har ta gama. Direbobin sun ɗauka ina da taɓin hankali. Wani ma ya taɓa ba ni sadaka.

Ƙanshin katako ne ya tsayar da ni a unguwar Rusaifa. Na rako wani kaya, a hanyar dawowa na ji ƙanshin dusar zarto daga wani shago, ƙafata ta ƙi gaba. Ina nan tsaye wani dattijo baƙi, mai farin gemu da tabarau, ya leƙo.

"Esh tibga? Me kake so?"

Ban san lokacin da na ce da Hausa, "Ƙanshin kawai nake ji, Baba," ba.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya fashe da dariya. "La ilaha illallah! Ɗan ƙasa ne. Ƙanshi ba a sayar da shi, ya waladi, ɗana. Ka iya shugul? Ka iya aiki?"

Shi ne Ammu Salih, mai shagon. A Makka aka haife shi, kakansa ne ya taho da ƙafa daga Kano, shi kuwa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Hausarsa irin ta tsofaffin Kanawa ce, ya cakuɗa ta da Larabci son ransa. Ya miƙo mini abin fere katako, ya tsaya ya ga yadda na riƙe, ya ce, "Halas, shi ke nan, gobe da safe." Da ya ji inda nake kwana sai ya girgiza kai, ya ba ni makullin wani ɗakin ajiya a saman tsohon benen mahaifiyarsa a unguwar Misfala.

Wanda ya kira wurin nan ɗaki ya yi masa kara. Wani tsukin fili ne tsakanin tankin ruwa da katangar bene, aka rufa masa kwano. Tsawo kam yana da shi, amma idan na tsaya a tsakiya na miƙa hannuwa sai in taɓa bango biyu. Daga ƙofarsa ana hango titi can ƙasa, alhazai cikin fararen kaya suna gangarawa Harami ba yankewa. Da la'asar, idan zafi ya sa iska na rawa, nakan zura musu ido har in ga kamar ruwa ne ke tafiya.

Wata rana muna cin shinkafa a faranti ɗaya a shago, Ammu Salih ya turo mini wayarsa.

"Shuf, ya Harun. Dubi haukan Turawa. Suna da gidaje, sun koma cikin jirgi."

Bidiyon wasu dogayen jirage ne 'yan sirara, a kan wani ruwa mai kama da babbar kwata, suna tafiya a hankali kamar ba sa so. Aka shiga cikin ɗaya da kyamara. Ga gado, ga wurin girki, ga kanta, ga taga da labule, komai a jere a layi ɗaya, mutum na bi ta gefe. Ammu Salih yana ta dariya. Ni loma ta tsaya mini a hannu. Gidan da ruwa ba ya ci, don idan ruwan ya taso tare suke tasowa. Da na koma Misfala na tsaya a tsakiyar ɗakina na miƙa hannuwa, na taɓa bango biyu. Faɗin ɗaya ne.

Tun daga ranar ɗakin ya tashi daga ɗaki. Ƙofa ta zama bayan jirgi, inda inji zai zauna. Ƙuryar ciki ta zama goshi. Duk guntun katakon da aka yar a shago sai in roƙa in sa a buhu in hau da shi. Na ce zan gwada komai a nan, in ga abin da ya zauna da abin da bai zauna ba, don idan na koma gida na samu katakon maɗaci kada in ɓata ko falle ɗaya.

Na fara da gado. Na yi shi mai naɗewa jikin bango, da rana ya zama wurin jingina, ƙarƙashinsa akwatin tufafi. Daga nan na shiga rigimar nauyi, don duk ɗan bakin kogi ya san jirgi ba ya son a fifita masa gefe. Idan durom ɗin ruwan sha yana dama, buhun shinkafa da na gero su zauna a hagu, kuma duka a ƙasa, a tsakiya. Tukunyar gas na fitar da ita waje, can baya, inda iska ke kaɗawa, na bar wa murhun ɗan shinge don kada tukunya ta zame. Kanta kuwa kowace na yi mata leɓe, na huda ramukan da kofuna za su zauna daram ko da igiyar ruwa ta bugo. Na sa ƙugiyoyi a rufi don fitila da ludayi da gidan sauro. Na ware saman rufin don farantin sola, na bar gefe guda na shanyar kifi. Makewayi ya ba ni wahala, na matsar da shi ya fi a ƙirga kafin na yarda ya zauna a baya, da 'yar ƙofarsa ta daban.

Wurin salla ne ya fi cin lokacina. A Makka ka saba, ka san inda Ɗakin Allah yake ko ido rufe. Amma jirgi juyawa yake yi, da safe goshinsa na nan, da yamma yana can. Na rasa inda zan shimfiɗa darduma. Daga ƙarshe na bar tsakiyar jirgin fili, ba kujera ba akwati, yadda mutum zai iya fuskantar ko'ina, ko da a zaune ne. Ranar da na warware wannan na yi murna kamar an yi mini bushara.

Kowace Juma'a bayan an sauko nakan kira Rakiya. Wayarta ƙarama ce, ba ta hoto, don haka da baki nake zagaya da ita cikin jirgin.

"Yanzu kin shigo ta baya. Ki sunkuya, rufin gajere ne. Dama gare ki murhu."

"To, na gani. Ina turmina?"

Na waiga dama da hagu, ban bar wa turmi wuri ba.

"Malam, ina turmi? Ko a jirgin naka ba a daka?"

"Idan kika yi daka a ciki ai sai ki fasa mana ƙasan jirgi mu nutse."

Ta yi dariya har da tari. "To ka gani. Gidan da ba a daka cikinai mi sunanshi? Kaji fa, su ma iyo za su koya?"

Muka yi yarjejeniya: turmi zai zauna a goshi, a ɗaure da igiya, idan za ta yi daka in matsa da mu gaɓa. Kwanukan jerenta na aure na yi musu kanta ta musamman mai ƙofar gilas. Kaji kuwa aka ba su keji a kan rufi, kusa da sola. A shekarun farko ita ma ta shiga mafarkin da ƙafa biyu. Ita ta zaɓi launin labule, shuɗi mai ɗigon fari. Ita ta ce a yi taga daidai kan gado, don ta riƙa ganin wata a kan ruwa.

Sai gadon Ummi. Shi na fi ɓata wa lokaci. Na samu wani lafiyayyen katako da ya rage daga ƙofar wani attajiri, na goge shi har yana sheƙi, na yi masa shinge ta kowane gefe don kada ta mirgino, na rataye shi kusa da namu inda hannun uwarta zai kai. Hoto ɗaya nake da shi nata, wanda ƙanena ya turo tana rarrafe, da ɗan kwalli a ido. Shi na jingina a gabana ina aunawa.

Hajji ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce. Duk lokacin da Rakiya ta ce, "Yaushe?" sai in ce saura kaɗan, ban gama da wurin ajiye man inji ba, ko ban samu dabarar tace ruwa ba. Kuma har zuciyata haka nake ji. Mutum marar takarda hanyar gida ɗaya gare shi, ya miƙa kansa a mayar da shi, da kayan jikinsa, kuma ba dawowa. Ni kuwa ina ganin ban isa komawa ba sai da jirgi cikakke a kaina da abin gina shi a hannuna. Idan aka ba Ummi waya sai ta ce, "Lafiya lau," ta ajiye ta gudu. Rakiya ta rage tambayar kaji da labule. Wata Juma'ar ina cikin yi mata bayanin inda za a rataye tsani sai na ji tana ba wata maƙwabciya amsa a kan gishiri.

Akwai wata la'asar da aka yi ruwan sama, irin na Makka da ke zuwa ba sallama. Ruwa ya gangaro daga duwatsu ya cika titin Misfala, takalman alhazai suna yawo a kai. Na shiga ɗakina na ja ƙofa na kwanta a gadon. Kwano na ta kiɗa a kaina, tanki na amsawa a gefe. Na rantse na ji ɗakin ya ɗaga. Ya sulale daga kan benen a hankali, ya bi titi, ya wuce Kudai, ya ratsa duwatsu, ya haye teku, sai ga mu a ƙasan Yawuri inda ruwa ke faɗi har ba a ganin ƙetare. Rakiya tana soya kifi a baya, labule mai ɗigon fari yana kaɗawa, gadon Ummi yana lilo da kansa. Kofuna ko motsi ba su yi ba a ramukansu. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan la'asar ba a duk zamana, kuma da ruwan ya tsaya ban so buɗe ido ba.

Bayan ruwan ne Ammu Salih ya hau duba tanki, yana haki yana tsine wa matakala. Ya leƙa ɗakina, ya tsaya baki buɗe.

"Masha Allah! Ya Harun, kai ma ka zama Bature." Ya shiga yana taɓa komai, ya naɗe gado ya buɗe, ya ja akwati ya mayar. Da ya iso gadon Ummi sai ya tsaya. "Wannan fa? Hagg al-bissa? Na kyanwa ne?"

"Na 'yata ne."

"Wace 'yar? Ka yi wata?"

"Ummi dai."

Ya dube ni, ya dubi gadon, ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai ya fasa. Ya ce, "Tayyib, ya yi kyau," ya dafa kafaɗata ya sauka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, mutumin da bai taɓa shiga kwale-kwale ba shi zai koya mini awo?

Duk da haka Juma'a na zuwa na ce wa Rakiya ta kwantar da yarinyar a tabarma, ta samu kara ko zare ta auna mini ita daga kai zuwa ƙafa.

"A'uzubillahi! Mi ka ce?"

"Awo kawai nake so, saboda gado."

"In kwantar da ɗiyata in auna ta da kara? Malam, wa ake aunawa da kara in ba wanda za a gina ma kabari ba? Makka ta mantar da kai ne?" Ta ƙara da cewa, "Wallahi ba ni yi. In kana son sanin tsawonta ka zo ka tsaya kusa da ita."

Ta kashe wayar. Ba ta taɓa kashe mini waya ba sai ranar. Gaskiya ta faɗa, na manta. Ni da na sha riƙe karan nan a maƙabartar garinmu.

Da azumi ya kusa, wata maƙwabciyarmu, Hajiya Asabe, ta zo Umara, ta sauka a wani masauki nan ƙasan Misfala. Ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a bakin ƙofa tana fifita da gefen mayafi.

"Haruna? Kai ne ka yi furfura haka? To, gaishe ka da aiki, mai jirgi. Duk gari an san labarin jirginka, har yara na waƙa da shi." Ta jawo wata baƙar leda daga jakarta. "Ga saƙon Rakiya. Ta ce ba magana, in ba ka kawai."

Na leƙa. Rigar atamfa ce, ta koɗe, an yi mata ƙari a ƙasa da wani ƙyalle daban.

"Wannan wadda ta yi mata kaɗan ce," in ji Hajiya Asabe. "Mai shigarta tana jikinta. Yarinya har ta yi wawulo, tana wanke wa uwarta kwanuka."

Na hau benen da ledar a ƙirji. Rigar na ƙanshin hayaƙin itace da sabulun wanki, da wani abu da na tabbata ruwan Kwara ne. Na shimfiɗa ta a gadon Ummi, na daidaita wuyan da inda kai zai kasance. Tun daga ƙugu rigar ta haye shinge, sauran ta zubo tana reto. Ba wurin kai, ba wurin ƙafa. Kaina ya san shekarun da suka wuce, zan iya faɗa wa duk wanda ya tambaya, amma hannuna bai taɓa sani ba. Na zauna a filin da na bari na salla, na daɗe ina kallon ƙarin da Rakiya ta yi wa rigar da zare baƙi.

Washegari na gaya wa Ammu Salih zan miƙa kaina.

"Ka san in sun ɗauki basma, sun ɗauki yatsa, halas? Ba ka sake ganin Makka?"

"Na sani, Ammu."

"Jirgin fa? Ka gama?"

"Ban gama ba."

Ya juya carbinsa a hannu. "Kakana ya ce zai koma Kano idan ya gama shiri. Yana nan kwance a garin nan, Allah Ya ji ƙansa. Yalla, tafi. Ɗakin ba mai taɓa shi, zan sa wani ɗan ƙasa a ciki." Ya karɓi rigar, ya ja ni wani shago, ya sa aka ɗauko wadda ta fi ta da kamu guda, ya hana ni sa hannu a aljihu.

Na yi ɗawafin bankwana, na miƙa kaina. Zaman gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar, zaman jira ne kawai, kowa da ledarsa da labarinsa. Ko a can ban daina ba. Idan na rufe ido sai in ga na cire gadon nan, ina neman inda zan sa dogo, kuma ko'ina na kai shi sai ya tare hanya.

Na isa Yawuri da hantsi, ruwa ya cika har bakin kasuwar kifi. Rakiya ta koma gidan mahaifinta tun ambaliyar bara, can na nufa. Ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta tsaya, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam," sai ta juya ta goge ido da bakin zane. A bayanta wata doguwar yarinya ta fito da kwano a ka, siririya, mai goshin mahaifiyata sak. Ta sauke kwanon, ta durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Alhaji. An zo lafiya?"

Na ce lafiya lau. Na miƙa mata hannu, ta dubi uwarta tukuna. Aka kawo mini ruwa da fura, maƙwabta suka yi ta shigowa, ita kuwa tana raɓe jikin ƙofa tana kallona. Da mutane suka ragu sai na ji ta matsa kusa da uwarta, ta rage murya, amma na ji.

"Inna, baƙon nan ina za ya kwana?"

Na san inda ludayi zai kwana a jirgina, na san inda kaji za su kwana. Inda ni zan kwana a gidan nan kuwa ban sani ba.  Ummi ba ta jira uwarta ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko sabuwar tabarmar da ake ajiye wa baƙi, ta kai zaure ta shimfiɗa, ta kakkaɓe ta da kyau, ta ajiye buta a gefe. Ta dawo ta durƙusa ta ce an gyara mini wuri.

Na tashi na bi ta, na cire takalmi na zauna.